Abin da Na Yi wa Daw Mya

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda za ta same ki kin sauka lafiya, an ba ki ɗaki mai iska da abokiyar zama mai hankali. Allah ya tsare ki daga wannan cuta da duk wadda ta fi ta, ya sa kin shiga makarantar nan a sa'a.

Na sa takardar a ƙasan akwatinki don kada ki gan ta sai kin isa Penang. Na san karatun Hausa yana ba ki wuya, ke da kika zo ƙasar nan kina 'yar shekara tara. Ki bi ta a hankali. Da Turanci ba zan iya faɗin wannan magana ba, da baki kuma na gwada sau uku a makon nan, kullum sai in ƙare da tambayarki ko kin ɗauki caja.

Kurakuraina nake so in gaya miki, kuma duk a kan mutum ɗaya na yi su, Daw Mya, telar nan 'yar Myanmar da kike kira Anti. Bara da kika tambaye ni ina ta tafi, na ce miki ta koma ƙasarsu ganin dangi. Ƙarya na yi miki.

Lokacin da Abbanki yake tsakiyar karatunsa a Bukit Jalil na fara karɓar ɗinkin matan 'yan Najeriya ina kai wa teloli a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman. A bayan wani kedai, wato shago, na masu yadi na same ta, a wani ɗaki ƙarami mai keke uku da fanka ɗaya. Ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Addinin Buddha take bi, kullum akwai farar fulawa a ɗan kofi kusa da kekenta. Da guntun Malayanci muke magana, ita nata a karye, ni nawa a karye.

Wata ƙaramar salla matar wani malamin jami'a ta ba ni shadda da aka aiko mata daga Kano, irin wadda ba a samu a nan ko da kuɗinka. Na auna ta, na rubuta, na kai. Da aka ɗinko rigar, ko kafaɗarta ba ta wuce ba. Matar ta wanke ni tas a waya, ni kuma na hau jirgin ƙasa na tafi na sauke fushina a kan Daw Mya. Na fara da Malayanci, da ya ƙare mini na koma Hausa. Na kira ta arniya mai bautar gunki, na ce hannunta ba albarka. Ba ta jin Hausa, amma zagi ba ya bukatar tafinta. Sauran telolin sun tsayar da kekunansu suna kallo. Ita kuwa tana tsaye da tef a wuya. Da na yi shiru don numfashi, sai ta jawo mini kujera ta ce in zauna tukuna. Kwana biyu ta yi tana farke rigar, ta ƙara mata ƙyalle daga ragowar shaddar yadda sai an ƙura ido za a gane.

Da na koma gida na duba littafina. Arba'in da uku ne awon, ni na rubuta mata talatin da huɗu. Na rufe littafin. Wata huɗu ina kai mata ɗinki ban ce komai ba.

Ranar da na daure na faɗa mata, ta ce ai ta sani tun ranar, takardar da na ba ta tana cikin aljihunta duk lokacin da nake ihu. Na ce to me ya hana ta nuna mini?

Ta ce, "Ranar ko na sa miki ita a ido ba za ki gani ba, ƙanwata."

Na tambaye ta ko ita ba ta jin fushi ne. Ta yi dariya, ta ce hannuwanta rawa suke yi ranar, shi ya sa ta ɓoye su a ƙarƙashin yadi. Ta ce tun suna yara malamin addininsu na ƙauye yake koya musu cewa haƙuri ba rashin jin zafi ba ne. Fushi zai zo, sai ka san ya zo, ka ji inda ya zauna a ƙirjinka, amma ka hana shi bakinka, ka hana shi hannunka, har ya gaji ya tafi, don duk abin da ya zo yana tafiya. Ta ce ba a haifar mutum da shi, koyonsa ake yi kamar yadda ake koyon jan layin ɗinki a miƙe, yau ya karkace, gobe ya ɗan gyaru.

Ummi, kafin ranar nan ni a wurina mai haƙuri ce, saboda ban taɓa mayar wa Abbanki magana ba, ban taɓa ɗaga murya a gaban danginsa ba. Ashe wannan tsoro ne da neman a yabe ni. Idan kina so ki san yawan haƙurinki, ki duba yadda kike yi da wanda ba zai iya yi miki komai ba, mai sharar ɗakin kwananku, ko mai kawo miki shayi a gidan abincin mamak ya kawo ba wanda kika ce ba. Idan kuma kika gano ke ce da laifi, ki faɗa a ranar. Wata huɗun nan da na yi shiru sun fi zagin muni.

Kada hankalinki ya tashi don ina kawo miki maganar masu wani addini. Ina nan a kan sallata da azumina. Babu abin da ta faɗa mini wanda ban taɓa ji a Islamiyya ba. Bambancin kawai shi ne a can da kunne na ji, a wurinta kuma da ido na gani.

Daga baya suka tare a bulo ɗinmu, dogon benen nan na Cheras, ita da mijinta U Tin, wanda yake dakon kayan miya a babbar kasuwa. Su a hawa na huɗu, mu a na tara. A lokacin ne muka shaƙu, har wata rana tana yanka yadi a falonmu ta gaya mini takardunsu na zama sun ƙare tun da daɗewa, wanda ya yi alkawarin sabunta musu ya ɓace. Ta ce ni kaɗai ta faɗa wa a duk bulon. Na ce mata maganar ta mutu a nan.

Sai korona ta zo, aka sa dokar kulle. Kin tuna da safiyar da kawunki ya kira daga Kano ya ce Inna ta rasu. Kwana biyu ta yi tana zazzaɓi. Babu jirgi, babu hanya. A waya na ji ana fita da ita. Abin da ba ki sani ba shi ne abin da nake yi a ɗakin nan mako uku da na rufe kaina. Ku kun ɗauka addu'a nake yi. Kwance nake da waya a hannu ina bin sanarwar rasuwa ɗaya bayan ɗaya, ta wanda na sani da ta wanda ban sani ba. Salla ma sai na haɗa biyu ko uku. Ke kike girki, ke kike wanki, kina jarrabawa a kwamfuta. Duk wanda ya yi mini magana sai in ce na bar wa Allah, ina haƙuri ne.

Daw Mya ba ta shigo ba, don an hana shiga gidajen juna. Wata safiya kika kawo mini leda kika ce a ƙofa kika gan ta a rataye. Yadi ne a yanke, na takunkumin fuska guda goma, da roba da zare. Na ajiye. Washegari wata ledar ta zo. Rana ta uku ta kira ni. Na ce mata ba zan iya ba, uwata ta mutu. Ta ce ta sani, ita ma tata ta mutu tana nan tana ɗinki a ƙasar mutane. Ta ce ba ta ce in daina baƙin ciki ba, takunkumi ɗaya kawai take so in ɗinka kafin azahar, masu shara na bulon ba su da shi.

Na ɗinka ɗaya don kunya. Ya fito a karkace. Washegari na yi uku.

Da aka ɗan sassauta, muna zama a bakin ƙofa nesa da juna muna aiki, ta faɗa mini yadda suke fahimtar himma. Ta ce mutum yana da aiki a zuciyarsa kullum: mummunan tunanin da bai shigo ba tukuna ya tare shi, wanda ya riga ya shigo ya daina ba shi abinci, kyakkyawan da babu ya nemo shi, wanda yake akwai kuma ya kula da shi kada ya mutu. Ta nuna wayata ta ce wannan ce kwanon da nake ba baƙin cikina abinci a ciki.

To ki ji ni da kyau. Akwai kwanciyar da take kama da tawakkali, alhali mutuwar zuciya ce. Ranar da karatu ya kayar da ke, ko wani ya ɓata miki, ko aka kira ki da labarin da ba kya so, ki yi kukanki, amma ki tashi ki yi wanka, ki yi salla a kan lokacinta, ki buɗe shafi ɗaya. Kada ki jira sai kin ji kina so. Ni ban ji ina so ba sai bayan na yi kusan ɗari. Kuma ki yafe mini makonni ukun nan da na bar miki gida.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Bayan salla cutar ta ƙaru a wajen kasuwanni. A zauren matan Najeriya na waya kullum sai an turo saƙo cewa leburori baƙi ne suke yaɗa ta, a yi hankali da su, kamar mu ba baƙin ba ne. Na taɓa nuna wa Daw Mya irin saƙon. Ta ce a wurinsu hikima ita ce ka ga abu yadda yake, ba yadda tsoro ko son rai ya zana maka shi ba. Kafin ka yi aiki ka tambayi kanka mene ne yake tura ka, sannan ka bi aikin da ido ka ga a kan wa zai faɗa. Na gyaɗa kai na ce gaskiya ne.

Bayan kwana kaɗan na haɗu da U Tin a lif ɗin hawa bene. Ya yi tari mai ƙarfi har ya dafa bango, ya ba ni haƙuri da hannu. Na dawo gida. Kin san Abbanki da ciwon suga, likita ya riga ya gaya masa idan ta kama shi abin ba zai yi kyau ba. Na wanke hannu, na canja kaya, na zauna ina ganin gawarsa a idona, ina ganin mu biyu a ƙasar da ba mu da kowa.

Hawa biyar ne tsakanina da ita. Lambarta tana cikin wayata. Da na tambaye ta, da ta gaya mini tarin nan ya fi shekara goma yana yin sa, na taba ne da sanyin ɗakin ajiyar kaya. Ni kaina na sha jin sa yana yi tun kafin a san wata korona. Amma ranar ban tuna ba, ko kuma ban so in tuna ba.

Ofishin masu kula da bulon na kira. Na ce akwai mai tari a hawa na huɗu, na ba da lambar ɗaki. Mutumin ya ce ba abin da za su iya yi, mai tari ya je asibiti da kansa. Na ji zai ajiye waya. Sai na ce masa ba za su je asibiti ba, don ba su da takarda.

Ban yi shirin faɗin haka ba. Amma ba zan ce subutar baki ba ce, don na san abin da nake faɗa. So nake ya ɗauki maganata da muhimmanci, na kuwa san wannan ce za ta sa ya ɗauka. Sai ya sake tambayata lambar ɗakin.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, manyan motocin jami'an shige da fice suka tsaya a ƙasa. Kina ɗaki da abin ji a kunne kina darasi. Ni ina taga. Ba su kaɗai aka fito da su ba, an bi ɗaki ɗaki a hawa na huɗu da na biyar. Akwai mace mai goyo, akwai tsohon da yake gyara mana famfo. An jera su biyu biyu a rana. Na gan ta da silifas da zanen gida, tana riƙe da gwiwar hannun mijinta. Ba ta ɗaga kai ba. Na saki labule na shiga kicin na ɗora shinkafa.

Wata da watanni ina gaya wa kaina ai dama ana ta kame a ko'ina, ko ban kira ba za a zo. Wataƙila haka ne. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Sai bana, da aka buɗe wuraren ibada na ɗan lokaci, na nemi inda 'yan ƙasarsu suke taruwa. Na tsaya a bakin ƙofa da hijabina, ban shiga ba. Wani malaminsu mai askakken kai da jan mayafi ya fito, na faɗi sunanta. Ya san su. Ya ce ranar da aka kama su an gwada U Tin, ba shi da cutar. A inda aka tsare su ya ɗauka, mutane sun yi yawa a ɗaki ɗaya. Ya mutu kafin wata biyu, ba ta ga gawarsa ba, don maza daban mata daban. Ita kuma an mayar da ita ƙasarsu a jirgin ruwa daidai lokacin da sojoji suka karɓi mulki a can. Ya rubuta mini lambar ƙanwarta.

Mako biyu takardar tana jakata kafin na kira. Ƙanwar ta miƙa wa Daw Mya wayar, ta gane muryata nan take. Muryarta ta tsufa. Na fara kewaye-kewaye, sai na tsaya na ce mata ni ce na kira ofis, ni ce na faɗi maganar takarda.

Ta ce ta sani. Mai gadi ya faɗa musu tun suna layi cewa baƙar matar hawa na tara ce.

Na fashe da kuka ina roƙonta ta yafe mini. Ta bar ni na yi har na gaji, sannan ta ce:

"A can ciki, kullum na tashi sai in yi fatan mijinki ya mutu ki ji yadda ake ji. Wata shida ina wannan fatan. Yanzu kowace safiya ina zama in yi ƙoƙarin yi miki fatan alheri. Wata rana ina iyawa, wata rana ba na iyawa. Ban gama ba. Kada ki sa ni in ce na gama don ke ki samu sauƙi."

Na ce to me zan yi? Ta ce ba ta sani ba, wannan nawa aikin ne. Sai ta tambaye ni ko kin ci jarrabawarki. Na ce kin ci, za ki karanta haɗa magunguna. Ta ce madalla, yarinyar tana da hannu mai natsuwa. Daga nan layin ya yanke. Na sake kira sau da yawa tun daga lokacin, lambar ba ta shiga. Ban san ko tana raye ba.

Ummi, ba mugunta ce ta sa na yi abin nan ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Son Abbanki ne da son ki. Lokacin da nake danna lambar nan ji nake ni uwa ce tagari mai kare gidanta. Saboda haka ranar da kika ji zuciyarki tana gaya miki dole ki yi wani abu yanzu yanzu, kuma kina da gaskiya ɗari bisa ɗari, ranar ce za ki fi jin tsoron kanki. Ki zauna. Ki tambayi kanki abin da kika gani da idonki, ki ware shi daga abin da aka turo miki da abin da tsoro ya ƙara. Idan maganar ta shafi mutum, ki je wurinsa kafin ki je wurin wanda yake da iko a kansa. Aikin da za ki koya zai sa mutane su riƙa gaya miki abin da ko iyalinsu ba su sani ba, ciwon da suke ɓoyewa, maganin da suke jin kunyar saya. Abin da aka ba ki amana kada ki mayar da shi makami, ko da kin ga zai buɗe miki ƙofar da kike bukata.

Na yi istigfari, ina kan yi. Na tambayi wani malami ba tare da na faɗi suna ba, ya ce haƙƙin mutum sai mutumin ya yafe. Na san haka tun kafin in tambaya. Ina kai abinci wurin ibadar nan tasu duk Juma'a don iyalan da aka kama musu maza, ina ajiyewa a bakin ƙofa. Ba na ɗauka yana biyan komai. Ina yi ne don zama haka kawai ya fi muni.

Ban san yadda za ki kalle ni ba bayan wannan. Kina son ta, ita ta koya miki saka zare a keke. Idan kika ji ba kya son jin muryata na wani lokaci, kada ki tilasta wa kanki, ki dai riƙa turo wa Abbanki saƙo don mu san kina lafiya.

Shi ma bai sani ba. Har yau idan ba kya kusa yana cewa Allah ya saka wa bayin Allah nan, duk wanda ya kai ƙararsu bai kyauta ba, ni kuma ina zuba masa shayi ina cewa amin. Na yanke shawara idan mun raka ki tasha mun dawo, kafin ya cire takalmi zan gaya masa. Lokacin da kike karanta wannan, ya riga ya ji.

Ki riƙe salla, ki riƙa sa takunkuminki a aji ko da wasu sun cire, ki ci abinci mai kyau ba tapau na saya a ƙunshe kullum ba. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki ko daga wane addini suke, ya ba ki haƙurin da ban yi ba da basirar da na rasa. Allah ya jiƙan Inna. Idan kin ɗaga hannu kina addu'a, ki roƙa wa Daw Mya lafiya da kwanciyar hankali a duk inda take, sannan ki sa ni a ciki.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Mama